Wutar Da Ke Shanye Batir Ɗin Motar Mama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, tara ga watan Maris, Allah ya karɓi ran yayana, babban ɗan mahaifiyarmu, mai gyaran wutar mota. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, bai yi doguwar jinya ba. Mutane sun cika gida sun watse, an naɗe tabarmi, ni kuwa har yau na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in tsinci kaina a gaban motar nan, bonet a buɗe, ina kallon wayoyin da ka bari.

Yaya, ka tafi ka bar aiki a rabi, abin da ban taɓa ganin ka yi ba.

Ga wanda bai san gidanmu ba, motar tsohuwar a-kori-kura ce da Baba ya bar mana. Ni nake tuƙa ta, ina kai dashen itatuwa da furanni gidajen mutane. Amma babban aikinta shi ne kai Mama asibiti wankin ƙoda, Laraba da Asabar, tun gari bai gama wayewa ba. Ƙafafun Mama ba sa lanƙwasuwa, ba ta iya shiga ƙaramar mota, shi ya sa ka ja kujerar gaba baya, ka walda mata matakala a bakin ƙofa. In motar nan ba ta tashi ba, Mama ta rasa layinta, kuma mun ga yadda jikinta ke kumbura idan wanki ya wuce ta. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Ban san mutum mai haƙuri da waya kamarka ba, ko da yake da mutane haƙurinka gajere ne. Direba zai zo yana huci, ya ce kik ɗin da ke ta da injinsa ya mutu, a sa masa sabo. Sai ka ce ya murza makulli, ka karkatar da kai kana saurare. In ka ji ƙas ɗaya sannan shiru, ka san inda za ka duba. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, sai ka nufi kan batir, ka kankare farin dattin da ya taru, ka ɗaure, mota ta tashi. Mutum ya shigo da niyyar sayen kik, ya fita da faɗa kawai, don sai ka tambaye shi yaushe rabonsa da buɗe bonet. Na tuna wani mai ɗaukar kaya da motarsa ke mutuwa duk lokacin da ya taka rami. Ka shiga ka sa shi ya yi ta bin hanya mai gargada, kai kuma kana kwance ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunka a kan kujera, har ka kama wayar da ta goge da ƙarfe. Ka fito kai duk ƙura kana murmushi kamar an yi maka haihuwa.

Ni ma ban tsira daga bakinka ba. Duk sanda na kira ka daga bakin titi, kafin in gama sallama sai ka ce, "Ƙanwata, kunna fitila. Ta kawo da ƙarfi ko tana lumshe ido?" In na ce ka zo kawai, sai ka ce ba za ka zo ba sai na duba. Ina jin haushi, ina dubawa, kuma kana zuwa.

A watan da ya wuce ne motar ta tsiro da sabon hali. A ajiye ta da yamma lafiya lau, da safe batir ya zama fanko. Ba kullum ba, sai ranar da ta ga dama. Ka ce akwai abin da ke shan wuta a ɓoye. Ka cire wayar batir ta ɓangaren jikin mota, ka sa ƙwan gwajinka a tsakani, ƙwan ya kama. Ka nuna mini: tunda komai a kashe yake amma ƙwan na ci, to wani abu na ja. Ka bi fis ɗaya bayan ɗaya kana zarewa, kana jiran ƙwan ya mutu. Ka zare duka, yana nan yana ci. Ka zargi altaneta mai cajin batir, ka kwance ta, lafiyarta ƙalau. Washegari ƙwan ya ƙi kamawa sam, kamar motar tana yi maka dariya. Kana cikin wannan neman, kowace Laraba da Asabar sai ga ka a ƙofar gida da batir ɗin shagonka a kan babur, ka ta da mu, ka koma. A gadon asibiti ma, hannunka da ƙarin ruwa, cewa ka yi, "Kar ki bari kowa ya yayyanka mini wayoyi. Ina tashi zan kama ɓarawon."

Bayan rasuwarka maƙwabta suka tura mu sau ɗaya, wani abokin aikinka ya kawo batir sau ɗaya. Allah ya saka musu. Amma mutum ba zai yi ta buga ƙofar mutane da asuba har abada ba. Kawu ya ce a sayar da motar a huta. Don girmansa na tashi na fita, raina kuwa yana tafasa.

Shekaranjiya da magariba na ɗauko ƙwan gwajin nan daga jakarka. Na yi yadda ka nuna mini, ƙwan ya kama. Na bi fis ɗin duka, na isa inda ka tsaya, na tsaya ni ma. Ina mayar da wayar batir sufana ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin mota. Na durƙusa a gefen ƙofar da Mama ke shiga ina lalube, sai na ga ƙasa da ɗan haske. Ƙofa a rufe take ruf. Na leƙa ƙarƙashin matakalar, ga wani ƙaramin ƙwai a ɓoye, an yi masa rumfa da guntun gwangwani, yana haska daidai inda ake sa ƙafa. Na bi wayarsa da yatsa. Ba ta bi ta akwatin fis ba, kai tsaye ta tafi batir. Makunnin da ke jikin ƙofa ya gaji, wani lokaci ya kashe, wani lokaci ya maƙale. Naɗin tef ɗin kuwa ko a mafarki na san shi, naka ne.

Yaya, ka zargi altaneta, ka zargi kik, ka zargi kamfanin da ya ƙera motar da masu sayar da batir. Aikin hannunka ne kaɗai bai zo maka a rai ba. Da kana nan da na yi maka tsiya har shekara ta zagayo. Na zauna a ƙasa ina dariya, dariyar ta juye kuka.

Ni daga ɗaya gefen nake shiga, ban taɓa lura da ƙwan ba. Na tambayi Mama yaushe ka sa mata fitila a matakala.

Ta ce, "Wace fitila?"

Na riƙo hannunta na kai ta, na buɗe ƙofar. Ta daɗe tana kallo.

"Ni na ɗauka haka motar ta zo," in ji ta. "Bai taɓa faɗa mini ba."

Na ce mafi sauƙi a yanke wayar. Ta ce in na yanke, in nemi wata uwar. Jiya na sayo sabon makunni na ɗaura, na ƙara masa fis a hanya. Yau Laraba, na murza makulli sau ɗaya ta tashi, Mama ta taka matakalarta a cikin haske, muka kama hanyar asibiti.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka, da abokan aikinka da har yanzu ba su iya buɗe shagon ba. Allah ya ba Mama juriyar binne ɗan da ya kamata ya binne ta, ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.