Na Ɓoye Cizon Kare Har Kwana Uku

Lokacin ina aji biyar a wata sakandare a Samaru, ni yarinya ce da ba ta iya ɗaga ido ta kalli babba. Kujerar jikin bango nake zama, malamai ma sai sun duba rajista suke tuna sunana. Abin da na iya shi ne kallo. Ina lura da yadda kaza ke karkata kai kafin ta tsinci hatsi, da yadda tururuwa ke kauce wa ɗigon kananzir. Da yayata ta ba ni tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, sai na koma ɗaukar hoton duk abin da ba zai tambaye ni dalili ba.

Da hutun damina aka tura ni Sabon Gari wurin ƙanwar mamana, wadda muke kira Anti, in taya ta aiki a shagonta na ɗinki. Bayan layinsu akwai fili kusa da layin dogo, inda karnukan unguwa ke taruwa da yamma suna kokawa cikin ciyawa. Tun ranar farko Anti ta ja min kunne, ta ce karnukan nan ba su da mai su, in na jawo mata magana za ta saka ni a motar Samaru da kayana a leda. Amma duk sanda ta aike ni sayen zare ta nan nake bi. Nakan tsuguna bayan wata tsohuwar taya, in jira su manta da ni, in ɗauke su hoto suna tsalle kunnuwa a sama.

Wata Laraba sai na ga wani jan kare mai yagaggen kunne, wanda kullum shi ke fara tsokana, ya ware gefe. Ƙafafunsa na baya suna harɗewa, yana cizon iska, yawu na dalala daga bakinsa. Duk na lura, amma maimakon in gudu sai na matsa don in ɗauki hoton fuskarsa sosai. Ta cikin waya nake kallonsa, shi ya sa ban gane ya iso ba. Ko haushi bai yi ba. Ya cafke ni a ƙwauri, ya saki, ya wuce.

Ramuka biyu ne ƙanana. Na zuba musu ruwan leda, na ɗaure da ƙyallen atamfa, na sa dogon siket. Da Anti ta tambayi dalilin ɗingishina na ce takalmi ne ya matse ni. Ta yi tsaki, ta ce ni dai ko kuka sai an roƙe ni. Sai na tuna kakata a ƙauye tana cewa in kare ya ciji mutum, a yanko gashinsa a ƙona a shafa tokar. Ranar Asabar na ɓoye almakashin Anti a jaka na koma filin neman gashinsa.

Ba kare ko ɗaya. Wata mai suyar awara a bakin hanya ta tambaye ni, 'yan mata me ya ɓata, na ce jan karen nan nake nema. Ta ce ai jiya maza suka kashe shi suka binne, haukacewa ya yi, ya ciji awaki biyu. Ta ƙara da cewa a garinsu ta taɓa ganin wanda irinsa ya ciza, ƙarshe ko ruwa ya gani sai ya firgita, haka ya rasu. Sannan ta kalli ƙafata.

Ban san yadda na kai gida ba. Na ɗebi ruwa a kofi na tsaya ina kallonsa, ina tsoron in kai baki maƙogwarona ya ƙi. A haka Anti ta same ni. Sai na ɗaga siket, na miƙa mata wayar da hoton karen a buɗe. Ta kira sunan Yesu, ta kira ni wawiya, sokuwa, 'yar baƙin zurfin ciki, tana zagi tana ɗaura zani, hawaye na zuba. A keke muka tafi asibiti, ta riƙe hannuna kamar zan tsere. Likita ya daɗe yana kallon hoton. Nas ta ce min gashin kare ba ya maganin komai, da na wanke da sabulu da ruwa mai yawa na zo a ranar. Aka fara min allurai, aka rubuta ranakun da zan dawo. Makonni na yi ina sauraron jikina, ɗan ciwon kai kaɗan sai in ce shi ke nan. Da Mama ta zo daga Samaru ba ta dake ni ba. Tambayata kawai ta yi ko su dodanni ne da zan gwammace mutuwa da faɗansu. 

Allah ya tsare ni, na warke. Ina rubuto wannan ne saboda 'yan uwana masu kunya. Dabbar da ta sauya hali, ku ba ta hanya. In kuma abin ya faru, ko yaƙushi ne, ku faɗa a ranar, ku tafi asibiti a ranar. Faɗan Anti na awa ɗaya ne, shi na guda har na kusa ba da raina.