Bishiyoyin da Habu Dashe Ya Ce Ba Nasa Ba Ne

Duk wanda ya taɓa shan ruwan leda a gaban Habu Dashe ya san abin da ke biyo baya. Kana cikin zuƙa za ka ji ido a kanka. Kafin ka matse kurɓin ƙarshe hannu ya miƙo: "Ka gama da ita?" Ya karɓe ledar, ya yarfe, ya ninke, ya cusa a aljihu. Injiniya guda, mai ofis a birni, amma aljihun rigarsa kullum a jiƙe! A ɗaurin auren 'yar dagaci na gan shi da idona ya tsaya ƙiƙam a kan wani babban baƙo da ya zo daga Kano. Bawan Allah ya ɗauka gaisuwa ce, ya miƙo masa hannun dama. Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya hannun nake jira."

Ni taubashinsa ne, shi ɗan mace ni ɗan namiji, saboda haka abin da kuke jin nauyin faɗa a kansa ni zan faɗa, kuma ba wanda zai kama ni. Ledojin nan cika su yake yi da ƙasa da taki, ya jera a bayan ɗakin mahaifiyarsa, ya rena irin itatuwa a ciki. Daga nan sunan Dashe ya bi shi, har wasu yaran suka zaci sunan yanka ne.

Aikinsa a wani kamfanin fasaha yake, irin masu kafa dogayen ƙarafunan sabis da manhajar waya. Da kamfanin ya buɗe sashen kyautata wa al'umma da kula da muhalli, ma'aikata suka yi ta zillewa, wai sashen rabon huluna ne da ɗaukar hoto. Habu da ƙafarsa ya je ya ce a mai da shi can. Na ce masa, "Kai kam ko a gidan biki kai ne mai zaɓar shara." Ya ce, "Ai kai ma da za ka ninku da tuni kana aljihuna."

Maganarsa ɗaya ce a duniya, kuma kun san ta: "To, bayan hoto fa?" A haƙa rijiya, bayan hoto fa? A kai magani asibiti, bayan hoto fa? Ranar da na ƙara wa ɗakina rufin kwano na kira shi ya gani, wallahi abin da ya ce da ni ke nan.

Shugabar sashensu wata mata ce, Hajiya Bilki, mai haƙuri da kaifin kai, kuma sai da ta haɗa duka biyun kafin ta iya aiki da shi. Wata shekara kamfani ya gyara tsofaffin kwamfutocin ofis, aka kawo wa makarantar 'yan mata da ke yankinmu. An kafa rumfa, an jera kwalaye, mai hoto ya gyara tsayuwa. Sai Habu ya tattara rigarsa ya zauna daram a kan kwalayen.

Hajiya ta ce, "Injiniya, tashi mana, ana jira."

Ya ce, "Hajiya, a ina za a jona su? Makarantar nan ko ƙwan fitila babu."

"Za a kawo sola zango mai zuwa."

"To madalla. Ni ma zango mai zuwa zan tashi."

Kai jama'a! Baƙi na kallo, shugaban makaranta na share gumi. Hajiya ta dube shi, ta dubi bangon ajin, ta ga gaskiya ba ko wayar lantarki ɗaya a jiki, sai ta fashe da dariya ta koma gefe tana buga waya. Kafin la'asar mota ta iso da farantan sola da aka sauke daga wani ƙarfen sabis da aka sabunta. Duk tsawon jiran nan sallah kaɗai ta tashe shi, ita ma sai da ya bar hularsa a kan kwalin.

Amma abin da ya kusa karya shi bishiyoyi ne. Kamfanin ya ɗaukar wa kansa alkawarin dasa itatuwa a ƙauyukan da ƙarafunansa suke, a madadin hayaƙin da injinansa ke fitarwa. Habu ya yi ta naci sai da aka fara da ƙauyenmu. Aka zo da mangwaro da darbejiya da ɗorawa, aka dasa a iyakokin gonaki, kowace da kejin ƙarfe da ɗan allo mai sunan kamfani. Manoma suka yi godiya, liman ya yi addu'a, aka ɗauki hoto. Kafin a yanke gero duk sun bushe a tsaye.

Habu ya ce awaki ne. Awaki a cikin kejin ƙarfe! Bai tsaya tunani ba, ya ɗaura yaƙi da duk mai ƙafa huɗu a garin. Ni na same shi ya danne akuyar Inna Tabawa ya buɗe mata baki yana leƙawa. Inna Tabawa ta fito da muciya a hannu ta ce, "Habu, in ka ga ganyen a ciki, ɗauko abinka ka sakar min dabba." Daga awaki ya koma kan gara. Daga gara ya dawo kaina, wai tunda na taɓa su da hannuna ai dole su mutu.

Damina ta zagayo aka sake dasawa. Hajiya Bilki ta gaya masa gaskiya cewa in waɗannan ma suka mutu, manya za su rufe shirin, ba za a ƙara dasa ko zogale a ƙauye ba. A nan na daina tsokanarsa, don na ga mutumin ya rame. Duk Asabar yana gari, yana bin gonaki, yana durƙusa a gaban kowane dashe kamar mai dubiya. Su kuwa suna ta yaushi ɗaya bayan ɗaya.

Sai wata ranar kasuwar Gezawa, gari ya watse, muna tafe ni da shi ta bayan gonar Malam Ila, abokinsa tun na makarantar allo. Muka hango Malam Ila a tsugune. Ya zura yatsu biyu ta cikin kejin, ya kama dashen, ya ja shi sama a hankali har saiwar ta tsinke, ya mai da shi, ya danne ƙasar da kyau. Sannan, don Allah ku ji, ya ɗauki buta ya zuba masa ruwa.

Habu ya ce, "Ila! Me kake yi?"

"Ban ruwa."

"Kafin ban ruwan fa?"

Malam Ila ya miƙe ya karkaɗe hannu, ko gezau. Ya ce, "Habu, kai fa ɗan garin nan ne. Ka taɓa ganin an bar mai aron gona ya dasa bishiya? Wanda ya dasa ai gobe shi zai ce yana da haƙƙi a wurin. Wannan kuma har da allo mai suna. In ta girma, bayan raina, 'ya'yana da wa za su je gaban alƙali? Da kamfani?"

"To me ya hana ku ce ba kwa so?"

"Mu kunyata ka a gaban baƙinka? Haba! Shi ya sa muke kashe su a hankali, cikin mutunci."

Habu ya dubi dashen, ya dubi allon. Can sai ya zauna a kan kunyar gonar ya kama dariya har da hawaye. Abin da ya ƙara ba shi dariya, shi kansa yana da tsamiya guda da ya gada daga kakarsa, tana tsakiyar gonar wani, kuma duk shekara sai an kai masa tsamiyarsa har gida. Ya san al'adar sarai, allon kamfani ne ya rufe masa ido. Yana share hawaye yana cewa, "Kash, Inna Tabawa! Dole in je in ba akuyar nan haƙuri." Kuma ya je, da damin harawa.

A gabana ya kira Hajiya Bilki ya ce a cire alluna da kejin gaba ɗaya. Ina jin muryarta ta wayar.

"Injiniya, to me zai nuna namu ne?"

"Ai ba namu ba ne, Hajiya."

"Me zan gaya wa manya?"

"Ki gaya musu suna raye."

Allah Ya saka wa matar nan da alheri, ta shiga gaban manyan ta tsaya masa. Allunan kuwa bai bari sun tafi a banza ba, rabar da su ya yi. Har gobe in ka shiga wasu gidajen za ka ga sunan kamfani a kan tukunyar miya.

Daga nan Habu ya zama ɗan gidan suna. Duk inda aka haihu, da sassafe za ka gan shi da dashe a ledar ruwa. Liman na gama faɗin suna zai miƙe ya ɗaga ledar sama: "Jama'a ku shaida! Wannan darbejiya ta Fatsima ce. Ba tawa ba ce, ba ta kamfani ba ce. Ta sha inuwa, ta sassabe, ta sare in ta ga dama!" Fatsimar nan 'yar Malam Ila ce, da ita aka fara, kuma uban da hannunsa ya kewaye dashen da ƙaya. Wa zai tsinke saiwar bishiyar 'yarsa? Maroƙin garinmu ne kawai abin bai yi wa daɗi ba. Yakan ce, "Kowa ya zo da abin hannu, Injiniya ya zo wa jariri da aiki!"

Na yaran da aka haifa da rani a ƙofar gida ake dasawa, ya ce a riƙa zuba musu ruwan wankan jego. Wata unguwar zoma ta bi umarni sau da ƙafa, ta sheƙa wa mangwaro ruwan da zafinsa. Habu ya zo ya tarar da shi a dafe. Tun daga ranar ya ƙara wa shelarsa jela: "Kuma a bari ruwan ya huce!" Da aka haifa min ɗa kuwa dashen kuka ya kawo. Na ce, "Kowa mangwaro, ni kuka?" Ya ce, "Ita ce ba ta buƙatar kulawa. Na duba uban ne."

Shekaru suka tafi. Hanyar da muke bi da rana a ka zuwa bakin titi ta zama inuwa. Kamfanin ya kai tsarin wasu garuruwan, har da wajen Watari, inda Habu ya sa aka buɗe wurin renon iri. Shi kuma ya tsufa da halinsa, har ya ƙara da wasiyya. Ba sau ɗaya ba ya kama ni ya ce, "Sale, ranar da na mutu kada a taɓa min bishiya don rufe kabari. A sa fasassun tukwane." Nakan ce, "In dai ni ne da leda zan rufe ka." Mu yi dariya.

Daminar bara ya kwanta, ciwon bai ja ba. Da safen da ya cika na tsaya a ƙofar gida, na sa an tattaro tukwane, na ƙudurta sai na cika masa maganarsa. Sai ga Malam Ila tafe, ya saɓo reshen darbejiya mai kauri a kafaɗa. A bayansa ga wani da na mangwaro, ga wani da na ɗorawa, layi har kwanar masallaci.

Na tare shi. Na ce, "Malam Ila, ya bar wasiyya. Ya ce kada a taɓa masa bishiya."

Ya sauke reshen a gabana. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Tsamiyar kakarsa na nan, ba wanda ya taɓa ta. Wannan ta Fatsima ce. A gabanka ya ce ba tasa ba ce, ya ce ta sare in ta ga dama. To yau ta ga dama, ita ta aiko ni."

Na matsa gefe na ba su hanya. Taubashina da ya yi shekaru yana kayar da ni a magana, ranar nan da maganarsa aka kayar da shi. Kowa reshen gefe ya yanko, yadda ya koya musu, aka shafe wurin yankan da laka. Itacen ya yi yawa har ya ragu, aka jingine sauran a maƙabarta don na gaba. Ni dai ban iya shiga ramin ba, kuka ya hana ni.

Ranar uku Hajiya Bilki ta zo ta'aziyya, ba mai hoto tare da ita. A bakin titi ta bar mota ta tako ta cikin inuwar. Da ta gama gaisawa da mata ta fito, aka ba ta ruwan leda. Ta sha, sai ta tsaya da ledar a hannu tana waige-waige, ta rasa inda za ta sa ta. Ban san lokacin da hannuna ya miƙa ba. Na ce, "Hajiya, kin gama da ita?" Ta ba ni, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ledojin na bayan ɗakin mahaifiyarsa, ni ke cika su yanzu, ko da yake rabi mutuwa suke yi, kamar yadda ya sha faɗa a kan hannuna. Ya Allah, Habu ya bar mana inuwa a nan, Ka sanya shi a inuwar da ta fi ta. Ka yafe masa kurakuransa, Ka kai masa ladan duk wanda ya huta a ƙarƙashin abin da ya dasa, mutum ne ko tsuntsu, har da akuyar Inna Tabawa. Amin.