Bang Ki-tae, Zakaran Awannin Karatu

A ajinmu na koyon likitanci a birnin Daegu babu wanda bai san Bang Ki-tae ba, ko da yake samun wanda ya taɓa ganinsa da buɗaɗɗen littafi sai an tona. Ɗan mai sayar da tuffa ne, ga faɗin fuska, ga son dariya. Amma tun muna aji biyu ya zame mana abin tsoro.

Wata manhaja ce muka jajibo wa kanmu. Ka kifa wayarka a tebur, ita kuma ta riƙa ƙirga maka awannin karatu, kowa yana ganin na kowa. Da ka ɗaga wayar, ƙirge ya tsaya. Ba a jima ba muka daina tambayar juna abin da aka karanta, sai awa nawa aka yi. Kullum sunan Ki-tae ne a sama, da tazarar da ko barci bai kamata ya samu ba. Mahaifiyarsa har ɗaukar hoton awanninsa take yi ta tura wa matan cocinsu.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Ok Su-ryeon, wadda tun firamare ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Ta daina fita cin abincin rana, ta daina amsa wayar gida don kada ƙirgenta ya tsaya. Ran nan muna ɗakin fiɗar gawa sai ji muka yi tim, ta zube a ƙasa.

A makon ne, da rana tsaka, na leƙa wani shagon wasan kwamfuta na tarar da Ki-tae ya baje, yana zuƙar taliya, ga wata wayar daban a gefensa.

"Yaya Ki-tae, ba karatu kake yi ba?"

"Ina yi mana. Duba wayarka ka gani."

Na duba. Awanninsa sai hawa suke yi.

"Ɗayar tana can laburare a kife tun safe," in ji shi. "Yarinyar kirki ce, ba ta gajiya. Zauna in saya maka taliya."

Na zauna na ci.

Da sakamakon jarrabawa ya fito, Ki-tae ya sha ƙasa warwas. Farfesa Seok, wanda ke koya mana ilimin magunguna, ya tare shi a gaban kowa.

"Kai ne mai awannin nan da ake ta labari?"

"Ni ne, Malam."

"To baɗi ka turo wayar ta zauna jarrabawar. Da alama ita ta sha karatun."

Aka kwashe da dariya, har da mu da muka sha yin gyangyaɗi kusa da wayoyinmu a kife. Ki-tae ya rusuna ya yi godiya, ko a jikinsa.

Ya maimaita aji, ya fita da ƙyar. Yanzu yana Seoul da asibitinsa na gyaran fata, yana goge wa matan masu hali ɗigo-ɗigon fuska, yamma na yi ya rufe ya tafi wasan golf. Su-ryeon kuwa tana sashen gaggawa, ko hutun ƙarshen mako ba ta cika samu ba.

Bara, a taron tsofaffin ɗalibai, ya ƙura mata ido ya girgiza kai.

"Su-ryeon, dubi ƙasan idonki, kamar an shafa gawayi. Ki zo wurina in gyara miki, ke ai ta gida ce."

Ta wanke shi tas a gaban jama'a, har sai da aka ba ta haƙuri. Ba a daɗe ba ta je asibitin nasa.