Gwangwanin Madara a Hannun Kawu

Kawuna ya yi shekaru yana haƙar kuza a Riruwai kafin ciwon ƙafa ya dawo da shi gida Tudun Wada. Bai yi boko ba, amma kansa cike yake da tarkacen sani da ya tsinta a rediyo da bakin injiniyoyi. Bayan La'asar akan shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, manoma da makiyayan da suka shigo cin kasuwa su zagaye shi.

Da tsohon gwangwanin madara yake farawa. Ya ce don ciyar da sojoji aka soma zuba abinci a gwangwani, kuma an daɗe ana yinsa kafin a ƙera mabuɗinsa, sai dai soja ya farke shi da wuƙar bindiga. Ya ce da kuza ake shafe shi don kada ya yi tsatsa, wa ya sani ko wadda ya haƙo ce. Daga nan ya tsallaka kan farin wata, wai haskensa na aro ne daga rana.

Wata rana ya ce sojojin yaƙin Bama ne suka fara ɗaura agogo a hannu. Lokacin ina sabon malamin makaranta, kaina na rawa. Na latsa waya na ce, "Kawu, ba haka ba ne, tun kafin wannan yaƙin ake ɗaurawa." Har da karanta musu. Gaskiya na faɗa, amma a wurinmu ba a gyara wa babba magana a gaban baƙinsa, bari ake yi a watse a same shi a zaure. Na san haka sarai.

Kawu ya ajiye gwangwanin ya ce, "To madalla, Malam." Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar.

Tun daga nan, in aka tambaye shi abu sai ya nuna ni da haɓa. Mutane suka riƙa raguwa. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe ɗin. Amma bai sake ɗaukar gwangwanin ba.

Bayan rasuwarsa wata ɗaliba ta tambaye ni a aji yadda mutanen Riruwai suke raba kuza da yashi a da, da irin waƙar da suke yi a bakin rami. Na latsa waya har ta yi zafi a hannuna, babu ramin, babu waƙar. Har yau abin yana cin raina. Mutumin da ya sani, ni na rufe masa baki a kan agogo.