Garin likitan Baba

Babanmu maginin rijiya ne, daga Kabo har ƙauyukan Kara an san shi. Tun kafin a haife ni wata rijiya ta rufto masa, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Likitan da ya ɗora shi a Gwarzo mutumin ƙasar Farisa ne, mai 'yar Hausa kaɗan. Wata uku suna hira a bakin gado, suka shaƙu. Da zai koma gida ya rubuta wa Baba sunan garinsu a bayan takardar magani.

Sau biyu Baba ya sa aka rubuta masa wasiƙa, shiru. Bai taɓa zargin likitan ba. Cewa yake birni ne babba, wasiƙa ta ɓace cikin jama'a.

Bara na je gaishe shi da hantsi, na tarar yana shan rana. Ya zaro takardar daga cikin hularsa, duk ta yi laushi.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "an ce wayar nan taku ta san ko'ina. Nemo mini garin nan."

Kalma biyu ce kawai ba ta goge ba: Dehnaw da Sarab. Na duba ta farkon a waya.

"Baba, Dehnaw fa ma'anarsa sabon ƙauye. Kuma masu wannan sunan suna da yawa a can, kamar Sabon Gari a nan."

"Ɗayan fa?" ya tambaya.

"Sarab, wai kan ruwa. Inda idon ruwa yake ɓulɓulowa. Shi ma ba ɗaya ba ne."

"Ashe ɗan ƙauye ne irina," ya ce, ya yi dariya har da tari. "Shi ya sa ba ya ƙyamar cin tuwo da hannu."

Ya hana ni ajiye wayar. Na riƙa karanto masa sunayen garuruwansu: Siyakuh baƙin dutse, Rudbar bakin kogi, Darband rufaffiyar ƙofa. Kowanne sai ya lalubo mini takwaransa a ƙasarmu, in ya rasa ya ce lallai akwai, mantawa ya yi.

Ba mu gano garin ba. Da aka kira azahar ya ce in kama shi ya tashi, yau likita zai sa a addu'a, ko yana raye ko ya riga mu.