Shelar Kawu Na-Allah

Kawuna Na-Allah, wan mahaifiyata, shi ne mai shelar unguwarmu a Malanville, can arewacin ƙasar Benin, tun ban yi wayo ba. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa masa rawani, kuma ba ya cin albashin kowa. Baƙin keke gare shi wanda ya girme ni, da lasifika ɗaure a gaba da igiyar roba, da batir a kwando a baya. In an yi rasuwa, ko suna, ko akuya ta ɓace, ko ma'aikatan lafiya za su zo allurar yara, shi ake aika wa. Ya bi lungu-lungu ya faɗa da Dandanci, ya maimaita da Hausa, in ya kai wajen masu albasa inda mutanen Gaya ta Nijar suke sauke buhuna ya ƙara da Zabarmanci. Abin da aka ba shi ya sa aljihu bai duba ba. Na rasuwa kuwa ko goro ba ya karɓa.

Gajere ne, siriri, sai murya. Matarsa Inna Aminatu takan ce tun da ta aure shi ba su taɓa yin sirri ba, domin in ya tambaye ta me za a dafa, maƙwabta ke ba da amsa. Ga taurin kai, ga son a ce ya iya. Na sha faɗa da shi, kuma ban taɓa cin nasara ba.

Shelarsa iri biyu ce, kowa ya sani. Mafi yawa yakan rufe da sunan mai saƙo, ya ce wane ne ya aiko ni. Wannan in ta zama ƙarya, a je a tambayi wane. Ɗayar kuwa ba ya yin ta sai ya taka da ƙafarsa ya duba, sannan ya rufe da cewa na gani da idona. Duk shelar rasuwa haka take: sai ya shiga gidan ya zauna a tabarma tukuna. An taɓa bugo waya daga Parakou cewa wani attajiri ya cika, dangi suka matsa masa ya fita, ya ce sai motar gawa ta iso. Suka zage shi, ya bar su da zaginsu, ya jira motar. Saboda haka in aka ji waɗannan kalmomi daga bakinsa, mace takan sauke tukunya daga wuta, mai shago ya ja ƙofa. Wannan yardar ce kaɗai abin da ya tara a duniya, don gidan da yake ciki ma na gado ne.

Tun da aka koma mulkin zaɓe, ba a taɓa yin kakar siyasa 'yan parti ba su zo zaurensa ba. Su zo da hula da riga da maganganu masu daɗi, su koma da kayansu. Ranar zaɓe da wurin karɓar kati yakan yi shelarsu, ya ce wannan na kowa ne. Amma ya kira mutane taron siyasar wani, bai taɓa yi ba. Ko Inna Aminatu ba ta san wanda yake jefa wa ƙuri'a ba, abu ɗaya ke nan da ya iya yi da ƙaramar murya.

Sai Khalidu. Ɗan marigayi Karimu tela ne, aminin Kawu da suka yi katanga ɗaya. Kawu ne ya yi shelar sunan Khalidu, shi ya yi ta rasuwar ubansa, daga nan yaron ya koma cin tuwo a kwanonsa har ya girma. Ya yi karatu a Kandi, ya wuce Kotonu, ya dawo yana fitar wa manyan motoci takardu a wajen duwan, wato kwastan. Ni dai tun can ba ya kwanta mini. Mutum ne da zai gaishe ka yana leƙen bayanka ko akwai wanda ya fi ka. Amma a gaban Kawu ba a isa a taɓa shi ba, ɗansa ne.

Shekarar da gulbin Kwara ya yi mugun cika, ruwa ya ci unguwar bakin gulbi da gonakin shinkafa har wajen Garou. Gidajen ƙasa suka narke. Mutane suka kafa bukkoki na kara da leda a gefen hanya, da tsofaffi da jarirai, aka kawo musu ɗan hatsi da gidan sauro, aka ɗauki hoto aka tafi. Cikinsu har da Mamudu masunci, abokin Kawu tun suna samari, wanda suke buga dara tare a gindin dogon yaro kowace la'asar. Ruwa ya janye, amma ba mai ƙarfin halin sake gini inda ya san gulbi zai dawo. Ana cikin haka zaɓen konseye ya matso, wato 'yan majalisar gari.

Wata Juma'a bayan masallaci Khalidu ya zo. Ina tsakar gida ina tsince shinkafar da nake kaiwa kasuwa, ina jin su. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa. Ya ce ya yi ta kai da kawowa har ya samo wa mutanen ambaliya fili a kan tudu, hanyar Kandi, kuma ran Lahadi manya za su zo daga Kotonu a raba, kowane magidanci da nasa. Kawu ya yi hamdala, ya ce gobe zai fita ya ce Khalidu ɗan Karimu ne ya aiko shi.

"A'a Baba, kak ka sa sunana," in ji Khalidu. "In sunka ji sunana cewa za su yi siyasa ta. Taho mu tahi ka gani da kanka."

Ya ɗauke shi a babur. Da suka dawo idon Kawu jawur, ya yi kuka. Ya ce an share wurin tas, an kafa turaku jere-jere da jan fenti a kansu, har ya tarar da wani yana awo da igiya. Ya ce Karimu bai mutu ba tunda ya bar wannan ɗa. Na ce masa, Kawu, turaku ka gani, ka tambayi mai filin? Ya juyo ya wanke ni tas. Ya ce ke Ummu, ba ki son yaron nan tun yana rarrafe, kuma zuciyar da ba ta zaton alheri ba ta ganinsa. Na ci gaba da tsintar tsakuwa.

Washegari ya fita tun da hantsi. Bai tsaya a unguwa ba, ya bi bukkokin gefen hanya ɗaya-ɗaya, ya taka keken nan har Garou, dattijo da shi, cikin rana. Ko'ina da harshe uku, ko'ina ya rufe da na gani da idona. Ya dawo murya ta dushe, yana murmushi kamar ango.

Ran Lahadi na je, don ban yarda in ji a bakin wani ba. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba sai Idi. Mutane ba su zo kallo ba, ƙaura suka yi. Wasu sun ɗoro sauran kwanon rufin da suka tsamo daga ruwa a amalanke, mata da tukwane a kai. Mamudu ya rushe bukkarsa kaf, ya ɗaure itatuwan, ya zo da matarsa da jikoki, yana ta yi wa Kawu tsiya wai in an ba shi fili kusa da hanya zai riƙa karɓar kuɗin wucewar keke.

Sai muka tarar da rumfuna da kujeru da makaɗa. Samari suna raba riguna da huluna masu alamar wata jam'iyya. Manyan Kotonu suka sauko daga mota mai baƙin gilashi, Khalidu ya tare su cikin babbar riga da ta sha aiki. Faransancina na kasuwa ne, amma na ji abin da ya faɗa musu sarai yana nuna taron da hannu: ga mutanena, kun gani ko ina da jama'a. Aka yi ta jawabi rana tana dukan yara. Maganar fili ta zo can ƙarshe, a taƙaice, wai bayan zaɓe in Allah ya yarda, in an zaɓi wanda ya dace.

Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji Khalidu ya kira sunan Kawu a lasifika, ya ce ubansa ne, shi ya tara wannan jama'a. Samari suka kamo shi suka hau da shi dandamali. Khalidu ya cire masa hularsa da hannunsa, ya ɗora masa ta parti, ya rungume shi, masu hoto suka yi ta ɗauka. Kawu ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a sake. Ni na san kunya ce ta daskarar da shi. Mutanen da ke tsaye da tukwane a kai ba su sani ba, abin da suka gani shi ne Na-Allah da hular parti.

Ba a yi wata guda ba aka fara katange filin. Ashe na wani ɗan kasuwa ne da zai yanka ya sayar, turakun ma nasa ne, Khalidu aron wurin ya yi na yini ɗaya. Jam'iyya ta ga taro ta tsayar da shi, ya kuma ci zaɓe, da ƙuri'un mutanen bukkokin nan, don wasu sun ce gara su jefa masa ko zai ji kunya. Wannan har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kawu ya je gidansa, na raka shi don ƙafarsa ta fara ciwo. Muka daɗe a ƙofa kafin ya fito, waya a kunne. Kawu bai yi faɗa ba, ya tambaye shi dalili kawai.

"Baba, da ni na yi kira, wa za ya zo?" in ji Khalidu. "Duk garin ga ba wanda za a hito saboda maganatai sai kai."

Haka ya faɗa, ko idonsa bai sunkuyar ba, kamar yabo yake yi masa. Kawu ya roƙe shi abu ɗaya: ranar kasuwa ya zo su tsaya tare, ya gaya wa mutane da bakinsa cewa tsohon bai san komai ba. Ya ce sati mai zuwa. Satin bai zo ba har yanzu.

Na ce wa Kawu ga lasifika ga batir, ya fita ya tona masa asiri da harshe uku. Ya ce ɗan Karimu ne, ba zai kunyata shi a bainar jama'a ba, kuma ko ya faɗa wa zai yarda. Na ce to shi ya ji kunyar kunyata ka?

Daga nan aike ya fara ɗaukewa. Ba wanda ya zage shi a fuska, mutanenmu ba haka suke yi ba. Sai dai rasuwa a faɗa a lasifikar masallaci, suna a buga waya. In ya wuce kasuwa mata su yi ƙasa da murya. Kullum da safe yakan sa riga ya zauna a zaure, wai kada a zo a tarar bai shirya ba. Abin da ya fi ba ni tausayi, ya daina zuwa dara. Mamudu ya koma da iyalinsa wajen dangin matarsa a Garou, ya aiko masa da gaisuwa da busasshen kifi ba sau ɗaya ba, Kawu ya kasa zuwa. Ya ce da wane ido zai dube shi.

Bayan damina, wata ranar kasuwa, masu kifi suka gaya mini Mamudu ya rasu, tari ne ya kama shi. Na bar shinkafata a hannun maƙwabciya na zo gida. Yana zaure da rigarsa. Na durƙusa na faɗa masa. Ya miƙe tsaye yana tambaya yaushe ne jana'iza.

"An yi tun jiya, Kawu."

Ya koma ya zauna a hankali. Can ya tambaya ko mutane sun zo, na ce an ce ba su da yawa, 'ya'yan ba su aika gari ba. Ban gaya masa sauran ba, cewa babban ɗan Mamudu ya rantse muryar Na-Allah ba za ta ambaci sunan ubansa ba.

Na tare mana kabu-kabu, babur ɗin haya, muka tafi gaisuwa daga zauren, ko cikin gida ba mu shiga ba. Aka ba shi tabarma, ya yi addu'a, aka shafa, ba wanda ya ƙara masa kalma. Ni na shiga wajen mata. Matar Mamudu ta kama hannuna ta nuna mini wata 'yar rumfar zana a gefen gida, ta ce a nan ya yi damina. Dangi sun ba shi wuri ya gina ɗaki, 'ya'yan sun kawo ƙasa, ya hana. Ta ce in gaya wa kawuna, ba don ta ɓata masa rai ba, don ya sani.

"Kullum cewa shikai a jira. Na-Allah bai taɓa yi muna ƙarya ba, hilin na nan tahe."

Na so in riƙe maganar a cikina, amma saƙo ne, kuma a gidansa na koyi cewa saƙo ba a rage shi. Na faɗa wa Kawu a bakin hanya muna jiran babur. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Muka hau babur muka iso Malanville. A ƙofar gida ya tsaya ya dafa bango, muna jin Inna Aminatu tana daka a ciki, ba ta san komai ba tukuna.

"Ummu," ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, "shiga ki hwaɗa mata Mamudu ya rasu. Ni ba ni iyawa."