Bonet Ba Ya Rufuwa da Mutum Ɗaya

"Kin ji ko? Ya fara."

"Tun ɗazu nake ji. Garam, garam, sai ka ce mai rushe gida."

"Mutumin da ke gyara keken ɗinkin gari guda, a ce murfin motarsa ya gagare shi?"

"Ke dai bari. Da can ai sau ɗaya kike jin ƙarar, sai tashin mota. Tun da aka kwantar da matar a asibiti..."

"Rage murya, katangar nan ba ta da kauri."

Katangar kuwa ba ta da kauri. Yana tsaye gaban motar, tafukansa biyu a kan ƙarfe mai sanyi kamar ƙanƙara, ya ji matan maƙwabta tas. Bai ji haushi ba. Rabon da a yi maganarsa a kusa da shi ma an kwana biyu.

Injiniya ake ce masa. Ba a makaranta ya samo sunan ba, matarsa ce ta laƙaba masa don tsokana, unguwa ta ɗauka. Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Tun yana da baƙin gashi yake zagaya shagunan teloli da akwatin ƙarfe, a ciki akwai sukundireba manya da ƙanana, da allurai, da kwarkwaro, da 'yar kwalbar mai mai dogon baki. Ba ya tambayar tela abin da ya lalace. Cewa yake, "Ɗan taka in ji." Sai ya karkata kai, ya lumshe ido. Daga ƙarar yake gane ko haƙori ne ya cinye ko zare ne ya naɗe a ƙasa.

Motar tsohuwa ce, mai ruwan toka, da ita yake ɗauko kawunan kekuna ya dawo da su. Lagiretonta na ɗan yoyo, don haka kullum safe sai ya buɗe bonet, wato murfin gaban motar, ya ƙara ruwa. Da zafi ba matsala, in ya saki murfin sai ka ji ƙwas, ya kama. Amma da zarar sanyi ya shigo, tsohon giris ya daskare, wayar da ta taho daga cikin mota zuwa makullin sai ta ƙi komawa. Hannun da ake ja a buɗe bonet, can ƙasa wajen gwiwar direba, sai ya tsaya a waje. A buga murfin duk yadda za a buga, sai ya yi tsalle ya tsaya da baki a buɗe, kamar mai shirin yin magana. Hawa titi da shi a haka ganganci ne, iska na iya ɗaga shi ya rufe gilashi.

Maganin abin mutum biyu ne, ɗaya a ciki ya danna hannun, ɗaya a waje ya saki murfin.

Shekara da shekaru matarsa ce ta cikin. Takan fito daga madafa da mayafi a ka, tana hura tafukanta, ta zauna a kujerar direba. Ba ta taɓa tuƙa ko keke ba, amma tun daga nan ya koma kiranta Direba.

"Direba, an shirya?"

"Tun yaushe. Kai ne kake nawa, Injiniya. Saki."

Ya saki, ƙwas. Sai ta kama sitiyari da hannu biyu, ta gyara zama. "To, yau ina muka nufa?"

"Bakin teku."

"Da wannan akwalar? Sauka ka tura."

Ta fito tana dariya, ya shiga kujerar da ta ɗumama masa.

Dogo bakanike, mai gareji a ƙarshen layi, duk shekara sai ya yi masa magana. "Baba Injiniya, kawo ta mana. Waya ce kawai, kafin ka gama gaisawa da mutane na sauya ta." Shi kuwa sai ya ce sai sanyi ya wuce. In sanyi ya wuce, bonet ya koma rufuwa da kansa, magana ta mutu. Wata shekara har ya ɗauki makulli zai kai ta, matar ta leƙo ta taga ta ce, "Au, korata za ka yi daga aiki? Ko takardar sallama babu?" Ya mayar da makullin aljihu.

Bana sanyi ya shigo ba ta gidan. Ana saura kaɗan sanyin ya fara, ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Tun ranar gidan ya yi masa girma. Yakan ɗora ruwan zafi ya sauko da kofi biyu, sai ya mayar da ɗaya. Yakan kunna rediyo ba don ya saurara ba. Kawunan kekunan da ke jere a kan benci ya fara yi wa magana: "Ke kuma me ke damunki?" Bonet kuwa sai ya riƙa ɗaure shi da tsohuwar igiyar fata, irin wadda ke juya ƙafar keken ɗinki, ya lallaɓa zuwa asibiti kowace yamma.

Jiya da la'asar Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aure a wani gari, ta kira shi.

"Baba, gobe za a sallami Mama. Zan taho da mota, da ita zan wuce gidana."

"Gidanki? Nata gidan fa?"

"Baba, kai kaɗai ne. Wa zai ɗaga ta, wa zai kwantar? Kuma ba ni na ce ba, ita ta ce."

"Me ta ce?"

Auta ta ce, "Cewa ta yi, me za ta tsinana maka? Ko cokali ba ta iya riƙewa. Wai kaya kawai za ta zame maka."

Ya daɗe da waya a kunne bayan ta kashe. Ya san halin matarsa. Ba ciwon ne zai raba ta da ɗakinta ba, zaman banza ne ba za ta iya ba, a gidan da ta saba komai sai da hannunta. Ya kuma san in ta tafi garin Auta, tafiyar kenan.

Shi ya sa yau ya yi sammako. Ba ya son ya isa asibiti da mota ɗaure da igiya, Auta ta kalla ta ce ga shi nan, ko kansa bai iya riƙewa ba. Ya ɗauko kananzir a gwangwani da tsohon buroshin haƙori, ya wanke makullin bonet ɗin har baƙin giris ya narke ya gangaro, ya goge da tsumma. Ya ɗiga man keke a kan sifirin, ya taɓa harshen makullin da sukundireba, ya ga yana motsi lafiya lau. Ya saki murfin. Garam, ya yi tsalle. Wayar ce dai, can cikin kubenta inda mai ba ya kaiwa. Ya tokare hannun da guntun katako, ya zagayo ya saki. Girgizar ta zubar da katakon. Ya tokare da takalmi, haka. A nan ne matan maƙwabta suka fara lissafa masa bugu.

Dogo ya leƙo ta ƙofa, hannuwa cikin aljihun rigar sanyi.

"Baba Injiniya, tun daga gareji nake jin yaƙin nan. Wa ke cin nasara?"

"Ita."

"Ina da sabuwar waya a ajiye. Yanzu in zare tsohuwar, ka huta har abada. Ba ka ƙara neman kowa."

Injiniya ya buɗe baki zai ce to. Ya sunkuya ɗaukar takalminsa daga ƙasan sitiyari, idonsa ya faɗa kan hannun buɗe bonet ɗin. Baƙar roba ce, duk ta yi kaushi, sai gefe ɗaya da ya yi sumul yana ƙyalli, daidai faɗin babban yatsa. Gefen hagu, inda yatsan matarsa ke dannawa. Bai taɓa lura ba, don shi kullum yana waje.

Ya miƙe a hankali. "Bar ta, Dogo."

"Sai sanyi ya wuce ko?"

"Sai sanyi ya wuce."

Dogo ya girgiza kai ya tafi yana dariya. Injiniya ya ɗauko igiyar fata ya ɗaure.

A filin ajiye motoci na asibiti iska na kaɗawa. Motar da Auta ta zo da ita na tsaye, sabuwa fil, direbanta na ciki ya rufe gilashi. Can sai ga Auta ta turo uwarta a kujera mai taya, jaka a kafaɗa. An lulluɓe uwar da bargo har wuya. Ta rame. Kanta na sunkuye, ba ta dubi inda yake ba.

"Baba, ina kwana." Idon Auta ya sauka kan igiyar. "Haba Baba. Da wannan kake yawo a titi?"

"Lafiya lau. Bari in ƙara mata ruwa."

Ruwa bai ragu ba, ya sani. Ya kwance igiyar, ya ɗaga bonet, ya ɗan tsiyaya daga galan, ya saki. Garam. Murfin ya yi tsalle.

Kan da ke sunkuye ya ɗago.

"Auta, shiga ki danna min hannun nan na ƙasa," in ji shi.

Ta ajiye jakar tana ƙunƙuni, ta sunkuya ta danna. Ya saki. Garam. Suka sake, garam. Mai gadi ya fara waiwayowa.

"Baba, wannan sai bakanike. Dannawa nake iya ƙarfina."

"Ba... haka ba."

Muryar ta fito da nauyi, kalma na jan kalma. Duk suka juya.

"Mama?"

"Ba ƙarfi... ba ne. Ki danna... in ya saki... ki murɗa. Kaɗan."

Injiniya ya tsaya da murfin a hannu. Murɗawa? Duk shekarun nan bai san ana murɗawa ba. Ashe shi ya sa katako ya kasa.

Auta ta gwada, ta murɗa tun kafin ya saki. Garam.

"Kai," in ji uwar, ta ja tsaki da rabin baki. "Yarinyar nan... hannun ubanta."

Ƙarƙashin bargon, hannunta na hagu na motsi, babban yatsa na danna iska.

Ya tokare bonet da sandarsa. Ya zagayo, ya kama kujerar daga baya, ya tura ta har bakin ƙofar direba, ya juya ta yadda hannun hagun zai kai. Auta ta ja gefe. Ta ɗauki jakar, ta dubi sabuwar motar, ta dubi tsohuwar, ba ta nufi ko ɗaya ba.

Ya janye bargon daga kan hannun matarsa. Yatsunta sun yi sanyi, ya riƙe su cikin tafukansa yana hurawa, yadda takan yi in ta fito daga madafa. Sai yanzu ta dube shi.

Ya koma gaban motar, ya cire sandar, ya riƙe murfin da hannu biyu. Ya yi gyaran murya.

"Direba, tun da sanyi ya shigo nake fama ni kaɗai, abin ya ƙi. Don Allah danna min, mu tafi gida."